Fumfuna a Cikin Motar da Ruwa Ya Shiga: Illarta ga Numfashi da Yadda Ake Kawar da Ita

Duk shekara, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, likitoci a Kaduna kan ga marasa lafiya masu ƙorafi iri ɗaya: mura ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, atishawa babu ƙaƙƙautawa, tari cikin dare, ko asmar da ta daɗe a kwance ta tashi. Da yawansu sun riga sun sha maganin mura da na ƙwayoyin cuta daga kemis, amma babu sauƙi. Idan aka zauna aka yi musu tambayoyi, wani lokaci sai a tarar abin da ke tayar da ciwon yana cikin motar da suke shiga kullum, wadda ruwa ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin kafet ɗinta har ta yi fumfuna.

An shirya wannan bayani ne domin masu tsofaffin motoci da iyalansu, da direbobin haya irin na tashar Mando da ta Kawo, da masu jinyar da ke kai mara lafiya asibiti a mota.

A taƙaice

- Fumfuna ba ta tsiro sai inda danshi yake. Muddin ba a busar da motar ba, kuma ba a toshe inda ruwan ke shiga ba, za ta dawo komai wankin da aka yi.
- Abin da ya jiƙe aka busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, yawanci ba ya yin fumfuna.
- Turare yana rufe wari ne kawai.
- Mai asma, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, da mai raunin garkuwar jiki, kada su yi aikin wankin da kansu, kuma su ƙaurace wa motar har a gama.
- Tarin da ya kai mako biyu, ko tarin jini, ko sarƙewar numfashi, a je asibiti.

Mece ce fumfuna?

Fumfuna halitta ce daga dangin fangas, wato dangin laimar kwaɗi da yis ɗin burodi. Ita ce muke gani a kan burodin da ya kwana biyu, ko tuwon da aka manta a kwano, ko takalmin fata da aka ajiye da damina. Tana iya zama fara, koriya, toka-toka ko baƙa.

Tana yaɗuwa ne ta wasu ƙananan ƙwayoyin iri da ke yawo cikin iska, waɗanda ido ba ya gani. Irin wadda ake kira Aspergillus fumigatus, alal misali, faɗinsa maikiromita 2 zuwa 3 ne, ma'ana silin gashin kai ɗaya ya ninka shi kauri fiye da sau 20. Saboda ƙanƙantarsa yana iya wuce hanci da maƙogwaro ya kai can ƙarshen huhu. Kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwan irin nan kullum, garkuwar jikin mai lafiya tana share su ba tare da ya sani ba. Matsala tana farawa ne idan sun yi yawa a wuri ƙuntatacce, ko jikin mai shaƙar yana da rauni.

Nau'o'in da aka fi samu a wurare masu danshi su ne Cladosporium, Penicillium, Aspergillus da Alternaria. Dukkansu abu uku suke buƙata: danshi, ɗumi da abinci. Ɗumi kullum akwai shi a mota. Abinci ma akwai, domin ƙura, gumi, ɓurɓushin biskit da gyaɗa, yadin kujera da kwali duk abincinta ne. Danshi ne kaɗai mai mota yake da iko a kansa.

Me ya sa tsohuwar mota ta fi kamuwa?

Damina a Kaduna takan fara a watan Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A watannin nan iskar kanta cike take da laima, abin da ya jiƙe ba ya saurin bushewa. Unguwannin da ke gaɓar Kogin Kaduna, irin su Kigo Road da Unguwan Rimi, sun sha fama da ambaliya, ciki har da ta 2003 da ta 2012. A unguwannin da ke nesa da kogi kuwa, irin su Mando, ruwan sama mai ƙarfi ya isa ya cika hanya idan kwalbati ya toshe, direba ya ratsa, ruwa ya shiga ta ƙasan ƙofa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Motar da ta shekara 15 ko 20 a kan hanya, irin su Golf, Sharan da Peugeot 406 da suka cika tashoshinmu, tana da ƙofofin shigar ruwa da yawa:

- Robar ƙofa, ta gilashi ko ta but da rana ta busar ta tsattsage.
- Magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, idan ganyen darbejiya ko na mangwaro ya toshe ta.
- 'Yan bututun fitar da ruwa na sanruf.
- Bututun da ke zubar da ruwan iyakwandishan. Idan ya toshe, ruwan yana zuba ne a wurin ƙafar fasinjan gaba, ko da rani ne.
- Yoyon ruwan lagireto ta cikin hita. Shi yana da santsi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.
- Ƙasan mota da tsatsa ta huda, da ramin safaya a but.
- Wanke cikin mota da tiyo, fashewar ledar ruwa, ɗaukar ƙanƙara, kifi ko kayan gwari.

A ƙarƙashin kafet akwai wani kauri na soso ko auduga da aka shimfiɗa don rage ƙara da zafi. Shi ne maɓoyar ruwa. Saman kafet zai bushe a yini ɗaya, mai mota ya ɗauka an gama, alhali na ƙasa yana riƙe da ruwa har makonni.

Cikin ƙaramar mota kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin ɗaki ba. Girgizar tafiya da iskar fanka suna tayar da irin fumfunar, ga shi an ɗaga gilashi saboda ruwa. Direban da ya taso daga Mando zuwa Legas zai shafe awa goma ko fiye yana shaƙar wannan iska.

Yadda ake gane mota ta yi fumfuna

- Warin rima da ke tarbar mutum da zarar ya buɗe ƙofa da safe, ko a mintocin farko na kunna iyakwandishan.
- Gilashi yana yin gumi ta ciki bayan motar ta kwana a rufe.
- Ɗigo-ɗigo ko wani gari-gari a kan sitiyari, bel, gefen kujera ko rufin ciki.
- Idan aka danna kafet da tsohuwar jarida ta fito a jiƙe.
- Tsatsa a ƙarafan da kujera ke tafiya a kai.

Babu buƙatar kashe kuɗi a gwajin gano ko wace iri ce. Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka, CDC, ba ta ba da shawarar yin hakan ba, domin ko wace iri ce maganinta ɗaya: a cire ta, a busar da wurin. Launinta ma ba ya nuna girman hatsarinta.

Illarta ga lafiya

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta tabbatar cewa mazauna wurare masu danshi sun fi fama da alamomin numfashi, cututtukan hanyar iska da tashin asma. An yi binciken ne a gidaje da ofisoshi da makarantu, amma fumfunar da ke tsiro a mota ita ce dai wadda ke tsiro a ɗaki. Ga hanyoyin da take cutarwa, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci:

1. *Alajin hanci da ido.* Atishawa a jere, yoyon majina fara kamar ruwa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, wani lokaci da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Babu zazzaɓi. Abin da ya raba shi da mura shi ne yakan wuce mako biyu, kuma yakan lafa a ranakun da ba a shiga motar ba.

2. *Tashin asma.* Tari, nauyin ƙirji, numfashi mai ƙara kamar kukan kyanwa. Yana iya tashi cikin mintoci, ko ya jira sai dare. Masu asmar da jikinsu ba ya jituwa da Alternaria sun fi yin tashi mai tsanani. Iyaye su lura da yaron da ke tari bayan an ɗauko shi daga makaranta a mota, amma ranar Asabar da Lahadi lafiyarsa ƙalau.

3. *Kumburin huhu saboda alaji.* Ba shi da yawa. Awa 4 zuwa 8 bayan shaƙar fumfuna mai yawa, sai zazzaɓi, sanyi, ciwon jiki, tari da haki su zo. Yana kama da maleriya ƙwarai. Wanda ya kamu da haka a daren ranar da ya kakkaɓe kafet mai fumfuna ya faɗa wa likita aikin da ya yi.

4. *Asfajilosis na huhu mai daɗewa.* Tarin fuka yakan warke ya bar kogo a huhu. Aspergillus na iya zama a kogon ta girma a hankali, ta haifar da tari na watanni, tofar da jini, rama da kasala, amma gwajin tarin fuka ya nuna babu. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi a Legas da Ilori, ya gano wannan cuta a kusan kashi 9 cikin 100 na marasa lafiyar da ake yi wa maganin tarin fuka alhali gwajin kakinsu bai nuna ƙwayar ba, ko maganin ya ƙi yi musu aiki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, don haka masu irin wannan huhu suna da yawa a cikinmu. Aspergillus tana cikin ƙasa da ƙura ko'ina, amma zama kullum a inda ta yi yawa ƙarin hatsari ne da za a iya kauce masa.

5. *Kutsen fangas cikin jiki.* Ga wanda garkuwarsa ta faɗi sosai, fumfuna na iya cin naman huhu ko na hanci ta bi jini. Wannan yana kisa idan ba a yi sauri ba. A 2021 Indiya ta samu mutum fiye da 40,000 da suka kamu da mukomaikosis, wadda aka riƙa kira baƙin fangas, yawancinsu masu ciwon suga da aka bai wa sitiroyid lokacin korona. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Aspergillus fumigatus a rukunin farko na jerin fangas 19 mafiya hatsari.

Makero da ƙyasfi su ma fangas ne ke kawo su, amma wasu nau'o'i ne dabam. Fumfunar kafet ba ita ke jawo su ba.

Idan ruwan ambaliya ne ya shiga motar, akwai ƙarin hatsari, domin yakan haɗu da ruwan kwata, na masai da fitsarin ɓera. Duk abincin da ya taɓa a zubar. Wanda ƙarfe ya yanka wajen aikin ya wanke ciwon da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

Waɗanda suka fi shiga hatsari

- Masu asma, masu alaji, da masu ciwon huhu mai daɗewa.
- Wanda ya taɓa yin tarin fuka ko yake kan magani.
- Masu cuta mai karya garkuwar jiki, musamman waɗanda ba su fara magani ba ko suka daina.
- Masu karɓar maganin ciwon daji, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda.
- Masu shan sitiroyid na dogon lokaci.
- Masu ciwon sugan da ba ya sauka.
- Jarirai da tsofaffi.

Masu ciki su ma su bar wa wani aikin wankin. Iyalin da ke kai mara lafiya wankin ƙoda ko ƙarin maganin daji su duba motar da suke ɗaukarsa a ciki. Idan tana warin rima, a nemi wata.

Yaushe za a je asibiti?

A tafi nan take, ko da tsakar dare ne, idan:

- numfashi ya sarƙe har mutum ba ya iya ƙarasa magana;
- leɓe ko harshe ya sauya launi, ko yaro yana numfashi haƙarƙarinsa na lotsawa;
- an shaƙi inhela amma babu sauƙi;
- an yi tarin jini;
- mai raunin garkuwa ya yi zazzaɓi da tari ko ciwon ƙirji;
- mai ciwon suga ya ji ciwo ko kumburi a gefe ɗaya na fuska ko ido, ko ya ga baƙi-baƙi a cikin hanci ko ganda.

A ga likita cikin 'yan kwanaki idan tari ya kai mako biyu, ko toshewar hanci ta ƙi tafiya, ko mai asma ya ga yana neman inhela fiye da yadda ya saba. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ga mazauna Mando da kewaye, ana iya farawa da asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko Babban Asibitin Kawo. Idan da buƙata za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke duba kunne, hanci da maƙogwaro, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Kafin zuwa, a rubuta ranakun da aka shiga motar da ranakun da ciwon ya tashi. Wannan 'yar takarda tana taimaka wa likita ƙwarai.

Magani

Babban magani shi ne rabuwa da abin da ke tayar da ciwon. Bayan haka likita zai duba ƙirji, yana iya neman hoton ƙirji, gwajin kaki, gwajin ƙarfin numfashi ko na jini.

- Alajin hanci: akan ba da loratadine ko cetirizine, da feshin hanci mai sitiroyid. Direbobi su guji chlorpheniramine, wato Piriton, domin yana sa barci a kan sitiyari. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kada ya wuce kwana 3 zuwa 5, in ba haka ba toshewar za ta dawo fiye da da.
- Asma: inhelar buɗe ƙirji tana kawo sauƙi na lokaci ne. Wadda ke hana tashin ita ce mai sitiroyid da likita zai tsara yadda za a riƙa shaƙa.
- Asfajilosis mai daɗewa: maganin fangas irin su itraconazole, aƙalla wata shida, ƙarƙashin kulawar likita. Fluconazole da ake saya a kemis ba ya kashe Aspergillus.

Maganin ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin ba ya yi wa alaji komai. Sayen prednisolone ko dexamethasone a kemis kuma yana da hatsari: za a ji daɗi kwana biyu, amma yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana garkuwar da ke yaƙar fangas ɗin.

Matakan tsaftace motar

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a bar wa ƙwararru idan faɗin fumfunar ya wuce kusan murabba'in mita ɗaya. Haka nan idan ruwan kwata ne ya kai kujeru. Ko wa zai yi aikin, ga tsarin da ya kamata a bi, kuma mai mota ya tsaya ya ga an bi shi.

1. *A fara da tsaro.* Idan ruwa ya kai inji ko wayoyi, kada a tayar da motar sai bakanike da mai rewaya sun duba. A cire kan batir kafin a kwance kujeru, domin a ƙarƙashinsu akwai wayoyin jakar iska.

2. *A kare jiki.* Takunkumi samfurin N95 da ya kama fuska sosai, safar hannu ta roba, tabarau mai rufe ido, da tsofaffin kaya da za a wanke su kaɗai. Takunkumin yadi ba ya tare irin fumfuna yadda ya kamata.

3. *A yi aikin a fili.* A buɗe ƙofofi da but duka, nesa da tagar ɗaki, yara da wurin girki.

4. *A fitar da komai.* Shimfiɗun ƙafa, rigunan kujera, kujeru, kafet, soson ƙarƙashinsa, safaya, kwalin but, kujerar jariri, dardumar sallah da hulunan da ake ajiyewa a baya. A cire robobin da suka toshe ramukan ƙasan mota ruwa ya tsiyaye, a tsane saura da tsumma.

5. *A zubar da abin da ba zai wanku ba.* Soson ƙarƙashin kafet da ya yi fumfuna, katifar kujerar da ta sha ruwan ambaliya, kwali, da filtar iskar ciki. A ɗaure su a leda. Ana samun madadinsu a Panteka da wajen masu ɗinkin kujerun mota, amma na hannu ma a sansana, a duba ƙasansa kafin a biya.

6. *A jiƙa kafin a goge.* Kakkaɓe busasshiyar fumfuna ko share ta da buroshi yana watsa irin cikin iska. A fara yayyafa ruwan omo, sannan a goge.

7. *Ƙarfe, roba da dashbod.* Ruwan omo da buroshi sun wadatar a mafi yawan lokuta. Idan ruwan ƙazanta ne ya shiga, a bi ƙasan motar da ruwan bilic: kada ya wuce kofi ɗaya a lita 4 na ruwa. A bar shi minti 10, a ɗauraye, a busar, domin bilic yana cin ƙarfe.

8. *Kafet da yadi.* A wanke su a waje da omo, a ɗauraye, a rataya a rana ana juyawa. Fata kuma tsumma mai ɗan danshi da sabulu mara ƙarfi, a busar a inuwa.

9. *Bel.* A zaro shi duka, a wanke da sabulu kawai, kada a bari ya koma sai ya bushe. Bilic yana raunana zarensa, ya tsinke ranar hatsari. Idan fumfuna ta ci shi, a canja.

10. *Iyakwandishan.* Mai gyara ya buɗe bututun ruwan, ya wanke sashen da ke sanyaya iskar, ya sa sabuwar filta idan motar tana da gurbinta.

11. *A gano inda ruwan ke shiga.* Kafin a mayar da kafet, mutum ɗaya ya zauna ciki, wani ya riƙa zuba ruwa daga ƙasan ƙofa yana hawa sama a hankali. Inda ya ɗigo, a gyara.

12. *A busar sosai.* Da damina yakan ɗauki kwanaki, a haɗa da fanka. Gwaji mai sauƙi: a shimfiɗa leda a kan kafet ta kwana. Idan da safe akwai raɓa a ƙasanta, da saura.

Bayan an gama a yi wanka, a wanke kayan aiki. Mai asma ko mai raunin garkuwa kada ya koma motar sai ta kwana a rufe an buɗe ba a ji wari ba.

Kurakuran da ake yawan yi

- *Turaren wuta, feshin ƙamshi da kafur.* Suna ɓoye warin da ke gargaɗi, kuma su kansu suna tayar da asma.
- *Rufe mota a rana don zafi ya kashe fumfuna.* Ruwan yana zama tururi ne ya koma cikin kujeru da rufi idan dare ya yi. Ko da ta mutu, matacciyar fumfuna tana tayar da alaji, dole sai an cire ta.
- *Haɗa bilic da ruwan khal, maganin wanke masai ko duk abin da ke da amoniya.* Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Mai son amfani da ruwan khal ya yi da shi kaɗai.
- *Goge kujera da fetur ko kalanzir.* Ga hatsarin gobara, ga illa ga huhu.
- *Barin inji a kunne a rufaffen gareji don hita ta busar da ciki.* Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Motar da ƙasanta ya huje ma hayaƙin na iya shiga ta nan, don haka a like ramin.
- *Na'urar ozon.* Tana rage wari, amma iskarta tana cutar da huhu, kuma ba ta cire fumfunar da ke cikin soso.
- *Sa sabuwar rigar kujera a kan jiƙaƙƙiyar katifa, ko lulluɓe jiƙaƙƙiyar mota da tampol.* Duka biyun kulle danshi ne a ciki.

Idan motar haya ce

Fasinja mai asma da ya ji warin rima yana da damar jiran mota ta gaba. Idan tafiyar ta zama dole, ya nemi gefen taga, ya sa N95, inhelarsa ta kasance a aljihu, kada ta tafi cikin jakar da aka sa a but. Direba kuwa shi ya fi kowa daɗewa a motar, don haka shi ne na farko da gyaran zai amfana. Kwana biyu ko uku da motar za ta yi a ajiye ya fi sauƙi a kan jinyar ƙirji ta watanni.

Kafin a sayi tokumbo

Bayan manyan guguwowin Amurka, irin su Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017, dubban ɗaruruwan motoci sun nutse. Kamfanonin inshora kan yi gwanjon irin waɗannan, wasu kuma su ƙare a kasuwannin Afirka ta Yamma. A gida ma, ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta shanye motoci masu yawa. Mai saye ya duba:

- ƙamshin turare mai ƙarfi fiye da kima, ko sabon kafet a tsohuwar mota;
- laka ko yashi a ramin safaya, ƙarƙashin kujera da akwatin fis;
- shatar ruwa a ƙarshen bel idan aka zaro shi duka;
- raɓa ko layin datti a cikin fitilu;
- tarihin motar a intanet ta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, idan daga Amurka ta fito.

Rigakafi

A share ganyen da ke ƙasan gilashin gaba kowane mako da damina. A duba robobin ƙofa da na but tun watan Maris, kafin ruwa ya sauka. A hana mai wankin mota sa tiyo a ciki. Duk abin da ya zube a ɗaga kafet a busar a ranar. A kashe sanyin iyakwandishan a bar fanka kaɗai na 'yan mintoci kafin a isa gida, domin cikin na'urar ya bushe. Motar da aka ajiye ba a hawa, a riƙa buɗe ta tana shan iska duk ranar da rana ta fito.

Wanda damina ta hana shi babban aikin, ya yi abin da zai iya yanzu, ya nisantar da masu rauni daga motar, sannan ya yi amfani da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Kaduna a bushe take, kafet da kujeru suna bushewa da wuri. Lokacin ne ya fi dacewa a kwance cikin motar gaba ɗaya, a canja soso da robobi. Idan kuma an yi duk wannan amma tari ko toshewar hanci ba su tafi ba, a duba ɗakin kwana da bangon gida, sannan a koma wurin likita.